Askarin Dar es Salaam: kakin shafawa yake buƙata, sai kuma sunaye

A shataletalen titin Samora da ke Dar es Salaam a Tanzaniya, mutum-mutumin sojan tagulla da ake kira Askari yana tsaye tun 1927, bakin bindigarsa na fuskantar tashar jiragen ruwa. Baturen Ingila James Alexander Stevenson ne ya ƙera shi don tunawa da sojoji da 'yan dakon Afirka na Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka kafa shi inda mutum-mutumin Bajamushe Wissmann, tsohon gwamnan mulkin mallaka, yake a da. Muna da alaƙa da shi, domin sojojin Najeriya, Hausawa da yawa a cikinsu, sun yi yaƙin Gabashin Afirka, kuma sun yi asarar rayuka mai yawa a Mahiwa, kudancin Tanzaniya ta yau, a watan Oktoba na 1917.

Abin da nake tsoro ga irin waɗannan wurare shi ne gyaran gaggawa na jajibirin biki. Sai a kawo fentin mai a shafe tagulla, ko a goge ta da buroshin waya har ta yi ƙyalli. Duka biyun ɓarna ce. Launin duhun nan da ke jikinta fata ce da ke kare ƙarfen, in an kankare ta an tafi da zanen fuska da na tufafi, ba kuma sa dawowa. Shi kuwa fenti tsagewa yake yi, ruwa ya shiga ƙarƙashinsa ya zauna.

Aikin da ya dace ba shi da tsada. A wanke da ruwa mai tsabta da sabulu marar kaifi da buroshi mai laushi, daga sama zuwa ƙasa, a bari ya bushe sarai. Sannan gwani ya ɗumama ƙarfen ya shafa kakin da ake tacewa daga man fetur, ya bari ya huce, ya goge da ƙyalle. A maimaita shafawar sau ɗaya ko biyu a shekara. A gari na bakin teku biyu ya fi, saboda gishirin iska da laima su ne ke haifar da ɗigo-ɗigon kore mai haske da ke zuba kamar gari. Wannan ciwo ne mai cin ƙarfe ya bar ramuka, kuma kaki a kansa ba ya tsayar da shi sai an fara cire gishirin. A duba ƙusoshin da ke riƙe allunan tagulla a gefen dutsen da sojan yake tsaye a kai ma: in na baƙin ƙarfe ne, tsatsa za ta kumbura su ta fasa dutsen.

Babban gibin yana wajen sunaye. Allunan suna nuna sojoji da 'yan dako, amma ba sunan mamaci ko ɗaya. Rahoton da hukumar kaburburan yaƙi ta Commonwealth ta fitar a 2021 ya amince cewa aƙalla mutum 116,000, akasarinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu ba ko ma ba a tuna da su sam, alhali an yi wa Turawa kabari da suna.

Ra'ayina a bar aikin 1927 yadda yake, domin shi kansa shaida ne kan wannan wariya. Sunayen da aka tono daga kundin soja a sassaƙa su a sabon bango kusa da shi, da bataliya da ranar rasuwa, a bar fili a ƙasa don waɗanda za a gano nan gaba.