Ni da tafiyar Charlie Chaplin

Kun dai san yadda nake da Charlie Chaplin, ba sai na maimaita ba. Ranar Asabar na tara abokaina a falon wani mutuminmu, na ce yau za ku ga uban masu ba da dariya. Na yi musu ɗan sharhi: an haife shi a Landan a 1889 cikin baƙin talauci, ya tafi Amurka, ya zama shi ke rubuta labari, shi ne darakta, shi ne jarumi, har kiɗan ma shi yake tsarawa. Na kunna musu fim ɗinsa City Lights na 1931.

Ko minti biyar ba a yi ba, ƙanin mai gidan ya ɗauki rimot yana ta ƙara sauti. Ya ce, "Yaya, fim ɗin nan bai sauka daidai ba, kiɗa kawai ya zo." Na ce masa tun 1927 ake fim mai magana, Chaplin ne da kansa ya ƙi. Ya ce, "Ko dai kuɗin ne ba su ishe shi ba?"

Yaron nan, wallahi. Shi ne fa wanda ya ari cajata tun bara, kullum sai ya ce tana cikin jakarsa ta makaranta, alhali ya gama makarantar. Duk inda manya suke zaune sai ya tsoma baki, yayansa kuma ba ya kwaɓarsa.

To, fim na tafiya, falo tsit. Na tsayar a wurin da Chaplin ya haɗu da makauniya mai sayar da fure, na gaya musu sau 342 ya sa aka ɗauki wannan fitowar kafin ta gamsar da shi. Wani ya yi hamma. Abin ya ci min rai, na miƙe na ce bari ku ga inda gwanintar take. Na ɗauko laima a bayan ƙofa, na ware ƙafafu waje, na fara takun nan nasa. Har nan lafiya lau. Sai na zo shan kwana da ƙafa ɗaya yadda yake yi, ga safa a ƙafata, ga tayil an goge shi da safe.

Ƙafar hagu ta tafi gabas, ta dama tana sama tana jiran umarni. Na kai hannu zan kama labule, labulen ya biyo ni da sandarsa. Laimar ta buɗe da kanta. Na zauna daɓas a ƙasa, labule a kai, gwiwar hannu na zugi, ina jin mutanen da suka yi rabin awa ba ko murmushi suna ta tuntsira dariya, har da mai dukan kujera. Matar gidan ta leƙo ta ce, "Subhanallahi, sannu Malam," ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta na rawa. Chaplin da aka ba shi kyautar girmamawa ta Oscar a 1972, minti 12 aka yi ana masa tafi a tsaye. Tawa dariyar ina jin ta kai haka, sai dai a kwance suka yi ta.

Yaron ya matso da wayarsa ya ce, "Yaya, sake yi, ban kunna kyamara ba. Ai saura sau 341."

Ƙarshen fim ɗin, wanda saboda shi na tara su, ba wanda ya gani, an koma ƙwallo. Na ce mako mai zuwa Modern Times za mu kalla. Mai gidan ya ce to, amma na zo da kuɗin sandar labule.