Waƙa ta tsaya, manhaja ta rufe kanta: a daina gaggawar fomat

Masu turin waƙa da karatu, daga Babbar Kasuwar Gombe har Tashar Dukku, da masu gyaran waya da kwamfuta, don Allah a daina yi wa na'urar mutane fomat, wato goge komai da ke cikinta, don kawai manhajar sauraro tana rufe kanta. Bawan Allah ya rasa hotunansa, ya biya kuɗi, ya koma gida ya mayar da memorinsa, matsala ta dawo. Tun farko ba a na'urar ciwon yake ba.

A fara lura: a kan waƙa guda take mutuwa, ko a kan kowace? In guda ce, fayil ɗin ne. Wani an zare filash ana tsakar turi, ko an ɗauke wuta, ya shiga rabi. Wani a suna kawai yake mp3, cikinsa m4a ne ko opus irin na saƙon muryar WhatsApp, da hannu aka sauya masa suna. Manhajar MediaInfo za ta nuna ainihinsa. Sai wanda ake yawan mantawa, wato hoton da ake mannawa cikin waƙa. Waƙar minti 4 a 128 kbps kusan 4MB ce, sai a cusa mata hoton talla na 3MB. Ƙaramar waya ko rediyon mota ya zo buɗe hoton nan, 'yar ƙwaƙwalwarsa ta cika, ya sandare. A buɗe manhajar Mp3tag a cire hoton, ko a rage shi zuwa 500x500.

Abin da ya fi ci min rai shi ne memorin jabu. An rubuta 32GB, alhali 4GB ne ko 8GB, an yi masa dabara yana faɗin ƙarya. Za ka tura ya karɓa ba musu, sunayen waƙoƙi duk su fito reras, amma abin da ya haura ainihin girmansa ko dai ya bi iska ko ya hau kan wanda aka fara turawa. Shi ya sa wasu waƙoƙin ke yi lafiya, wasu kuma da an taɓa su manhaja ta mutu. Fomat ba ya ƙara masa ko MB ɗaya. A kwashe komai, a sa shi a kwamfuta, a bar manhajar gwaji H2testw ta cika shi ta sake karantawa. Yana cin lokaci, amma sayar da memorin da ba a gwada ba ɗaukar haƙƙin mutane ne. Na gaskiya ma in ya kai 64GB da tsarin ajiyar fayil na exFAT yake zuwa, tsofaffin rediyoyin mota da yawa kuwa tsarin FAT32 kaɗai suka sani.

A wayar Android, a cire memorin a kunna waƙar da ke cikin wayar. In ta yi, an gano mai laifi.

A kwamfuta, saƙon nan na Windows mai cewa “memory could not be read” yana firgita mutane, har wasu su ce RAM, wato ƙwaƙwalwar aikin kwamfutar, ya ƙone. Ma'anarsa kawai manhajar ta miƙa hannu wurin da ba nata ba, Windows ya tsayar da ita. Sau da yawa tarin kodek ne, wato ƙananan manhajojin da ke karanta sauti da bidiyo, da aka loda biyu ko uku suna karo da juna. A gwada fayil ɗin a manhajar sauraro ta VLC, domin shi VLC da nasa kodek yake tafe. In ya yi a can, a cire tarin kodek ɗin da aka loda. In Windows Media Player na mutuwa tun wajen buɗewa, a rufe shi, a shiga %LOCALAPPDATA%\Microsoft\Media Player, a goge fayilolin da suka ƙare da wmdb. Zai sake gina jerinsa, waƙoƙin ba abin da zai same su.

Sai in sauran manhajoji ma na mutuwa, ko shuɗin allo na fitowa, sannan a zargi RAM. A rubuta mdsched a akwatin bincike na Windows a gwada shi. Ƙurar hunturu kan shiga gurbin da RAM ɗin yake, don haka a kashe, a zare caja da batir, a ciro shi a goge haƙoran da kilina, a mayar har ya ce ƙas.