Wai 'yan Buddha na koya wa yara duniya wahala ce zalla?

Mutane da yawa sun ɗauka abin da mabiya addinin Buddha ke koya wa yaransu shi ne kowa ya naɗe hannu ya jira mutuwa. Ba haka ba ne fa. Eh, cikin gaskiya 4 da Buddha ya koyar ta farko ita ce akwai wahala, suna ce mata dukkha, amma sauran ukun ai magana suke kan sababinta, wato kwaɗayi, da cewa tana ƙarewa, da hanyar fita mai rassa 8.

A ƙasar Siri Lanka yaran mabiya Buddha na zuwa makarantar addini ran Lahadi cikin fararen kaya, kuma akwai labarin Kisa Gotami da ake yawan ba su, matar da ɗanta ya rasu ta rungumi gawar tana bin gida gida neman magani, abin tausayi wallahi. Da ta je wurin Buddha bai kore ta ba, cewa ya yi ta samo ƙwayar mastad, wani ɗan ƙanƙanin iri, daga gidan da ba a taɓa yin rashi ba. Ta zaga gari kaf, ƙwaya kam kowa na da ita, amma ba gidan da mutuwa ba ta shiga ba. Nan ta haƙura ta ajiye gawar, ta koma ta zama almajirarsa.