Direbobin Tawa doka suke nema, a daina kiransu jahilai

Na saurari maganar mutumen nan da kuke ta turo mini tun jiya, kuma raina ya ɓaci ƙwarai. Mutum ya samu makirfo, ana jinsa daga Tawa har Abalak, ya buɗe baki ya ce wai direbobin da ke yawo da takarda a tasha suna neman sa hannu don a halatta gaz a mota, so suke a cika gari da bam. Bai tsaya nan ba, wai wanda bai gama firamare ba ba shi da ta cewa a kan dokar makamashi. Wallahi wannan cin mutunci ne, kuma ba zan yi shiru ba.

Malam, ka karanta takardar kafin ka yi magana? Ni na karanta. Abin da ke ciki a fili yake: hukuma ta fitar da dokar da za ta halatta gaz a matsayin man mota, ta faɗi irin tukunyar da za a ɗora, ta faɗi wanda ke da izinin haɗawa da wurin da za a riƙa cikawa, ta kuma sauke kuɗin duwan a kan kayan haɗin. Ina bam a nan? Duk mai tsoron fashewar gaz da gaskiya, shi ya kamata ya riga kowa sa hannu.

Domin gaz ya daɗe da shiga inji a ƙasar nan, doka ce ba ta biyo shi ba. Ka sauka fadama lokacin rani, ka duba injinan ban-ruwa na masu albasa. Tukunyar girki ce a gefen rijiya, an ja tiyo daga bakinta zuwa inji, an ɗaure da roba. Manomi ya yi lissafinsa, ya ga tukunya ɗaya ta fi masa lita da yawa na esans, ya juya. Ba wanda ya koya masa a makaranta, ba wanda ya ba shi izini, ba kuma wanda ya zo ya duba ko haɗin yana yoyo. Abin da manomi ya gani shi ne mai taksi da mai adaidaita sunka gani. Kowa a garin nan ya san garejin da ake yin wannan haɗi a bayan gida. Kai da ke magana a rediyo kai ma ka sani. To a tsakanin direban da ya ce a zo a tsara abin a fili, da kai da kake cewa a rufe ido a bar shi a ɓoye, wane ne ke wasa da ran fasinja?

Kuma ba son banza ne ya kai mutane nan ba, wuya ce. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Najeriya ta cire tallafin mai, ruwa-ruwan da ke shigowa ta Ƙonni da araha ya ƙare. Jarkokin bakin hanya sunka ragu, kowa ya koma gidan mai. Matatar Soraz ta Damagaram kuwa ganga dubu 20 a rana anka gina ta a kai tun 2011. A ƙidayar 2012 mun ɗan haura miliyan 17, yau mun wuce miliyan 25, motoci da babura sun ninka, matata tana nan yadda take. An sauke litar esans daga sefa 550 zuwa 499 a watan Yulin 2024, gazuwal daga 668 zuwa 618, mun gode, mun ji daɗi. Amma wa ya manta Maris ɗin 2025? Layi a Yamai, layi a Tawa, magidanta cikin azumi suna tura babur daga wannan gidan mai zuwa wancan, sai da tankoki sunka shigo daga Najeriya kafin a samu sa'ida. Mai kabu-kabun da ya kwana a layi ya koma gida hannu wofi, shi ne kake cewa ba shi da ta cewa a kan makamashi? In shi ba shi da ita, wa ke da ita?

Bari in faɗa maka abin da direbobin nan sunka fahimta kai ba ka fahimta ba, tun da ka haɗa komai wuri guda ka kira shi bam. Gaz ɗin girki da Soraz ke fitarwa ruwa ne a cikin tukunya, kuma in ya fita ya fi iska nauyi. Ba ya tashi sama, kwanciya yake a ƙasan mota, ya taru a ƙarƙashin kujera da cikin but, yana jiran tartsatsin batir ko ashanar mai taba. Tukunyarsa don kusurwar kicin anka ƙera ta, ba don ta yi ta girgiza a hanyar Keita cikin zafin Afrilu ba. Shi kuwa gaz ɗin da ke fitowa daga ƙarƙashin ƙasa, wanda ake matsewa a sa wa mota, ana ce masa CNG, ya fi iska sauƙi, in ya yi yoyo sama yake yi ya watse. Haɗarinsa wani ne daban: ana cusa shi da ƙarfin matsi har bar 200, wato kusan ninki 200 na matsin iskar da muke shaƙa. Shi ya sa tukunyarsa ƙarfe ne mai kauri wanda ba a yi masa walda ko ɗaya ba, da bawul ɗin da ke sakin gaz in zafi ya yi yawa, kuma dole a riƙa gwada ta lokaci zuwa lokaci. A watan Oktoban 2024 wata mota ta fashe ana cikin cika mata gaz a birnin Benin na jihar Edo a Najeriya, mutane sunka ji rauni. Da anka bincika, tukunyar haɗin mai walda ce. Ba gaz ne ya yi laifi ba, tukunyar da ba ta cika ƙa'ida ba ce. Wa ke hana irin wagga tukunya shiga mota? Doka. Wa ke tilasta a duba ta ranar bizit, a rubuta a kartigiris cewa motar nan da gaz take tafiya, don kamfanin asirans ya san abin da ya ɗauka kuma ƴan kwana-kwana su san abin da za su tarar? Doka. Ita ɗin ce dai mutanen nan ke nema, kai kuma kana yi musu dariya.

Akwai kuma waɗanda abin ke ci ba a jin muryarsu, wato matanmu. Duk tukunyar da ta tafi fadama ko ta shiga but ɗin taksi, daga murhun wata anka ɗauke ta. Ƙaramar tukunya mai kilo 6, sefa 1,800 ne kuɗin cikinta a hukumance, amma ku tambayi uwargida nawa take biya in gaz ya yi wuya, da shaguna nawa yaro ke zagayawa da tukunya a kai kafin ya samu. In ta rasa sai ta koma itace da gawayi. Itacen daga ina? Daga dajin Adar ɗin nan da ya riga ya gaji. Iyayenmu mata na Keita sun ɗauki duwatsu a kai tun aikin da anka fara a 1984, sun tare zaizayar ƙasa, sun dasa itatuwa, yau muna sare su saboda inji da tukunyar miya suna rububin gaz guda. A ba inji nasa gaz ɗin, da nasa wurin cikawa, da nasa farashin, a bar wa mata nasu. Wannan ma ba ya yiwuwa sai da doka.

Za a ce ai ba mu da gidajen cika gaz ɗin mota. To wane ɗan kasuwa ne zai zuba miliyoyinsa ya gina gidan sayar da abin da bai san ko gobe jandarma zai zo ya rufe ba? Doka ke gaba, jari ya biyo ta. Za a ce kayan haɗin da tsada. Shi ya sa anka ce a sauke duwan, a kuma ba direbobi bashi ta hannun sandikarsu su riƙa biya kaɗan-kaɗan daga abin da sunka rage na mai. Za a ce ƙasa na fama da matsalar tsaro, ba lokacin wagga magana ba ne. Har cikin matsalar tsaron ana kai mara lafiya asibiti, ana kai albasar Galmi kasuwa, kuma da mai ake kai su. Wani ma ya rubuto mini wai ai babu majalisar dokoki yanzu. A 2024 an rage kuɗin asibiti, an rage farashin siminti, an rage na mai, duk ba a jira majalisa ba. In an so, ana yi. Ga majalisar tuntuɓa ta CCR tana zama, akwai ƴan jihar Tawa a cikinta, a kai musu takardar hannu da hannu. Waɗannan duk ba hujjoji ba ne, hanyoyin gudun aiki ne.

Kuma ba mu ne za mu fara ba. Duk direban da ya taɓa kaiwa Tamanrasat ya ga famfon Sirghaz a gidajen man Naftal. Aljeriya tun shekarun 1980 take sa wa motoci gaz, da tanki na musamman da masu haɗawa masu lasisi, har ta taɓa yafe wa irin waɗannan motoci kuɗin binyet don mutane su juya. Najeriya ta kafa shirinta na CNG a 2023, ta cire kuɗin kwastan da harajin VAT a kan kayan haɗi. A birnin Delhi na Indiya kotun ƙoli ce ta ba da umarni a 1998 cewa motocin haya su koma gaz saboda hayaƙi ya ishi mutane, anka yi ta ja-in-ja, daga baya anka juya. Arewa da mu an yi, kudu da mu ana yi, mu da ke tsakiya muna da gaz kwance a Agadem, sai mu zauna muna zagin direba don ya ce a yi?

Abin da ya fi damuna shi ne bututun nan na gaz da ake maganar zai tashi daga Najeriya ya ratsa ƙasarmu ya kai Hassi R'Mel a Aljeriya, fiye da kilomita 4,000, don a kai wa Turai. Tun 2009 ake sa hannu a kansa, an sake sa wasu hannayen a Aljas cikin Fabrairun 2025. A can Najeriya bututun gaz na AKK mai kilomita 614, wanda ya taso daga Ajaokuta ya bi ta Kaduna, Kano ya nufa, nan kusa da mu. In ranar ta zo ba mu da doka, ba mu da makanikai masu horo, ba mu da gidan cikawa ko ɗaya, gaz zai bi ta ƙarƙashin ƙasarmu ya wuce, mu muna layi da jarka. Mun ga haka da idonmu: ɗanyen manmu na bin bututu kusan kilomita 2,000 zuwa Seme a Benin tun 2024, amma hakan bai hana mu layin 2025 ba. Na zaune bai ga gari ba. Direbobin nan sun hango abin da ke tafe, sun tashi tun da wuri, kuma na ga girmansu a kan haka.

Ku kuma iyayena da ƙannena na tasha, don Allah kada maganar mutum ɗaya ta karya muku gwiwa. Wanda bai iya rubutu ba ya dangwala yatsa, yatsan nan daidai yake da sa hannun kowane mai digiri. Ku kai takardar Ƙonni, ku kai Madawa da Buza da Illela, ku shiga fadamu wurin masu ban-ruwa, ku je wurin makanikai da yaran gareji domin su ne za su koyi aikin, ku je wurin ƙungiyoyin mata domin maganar tasu ce. Amma ina roƙonku da girman Allah, wanda ya san akwai tukunyar girki a motarsa ya cire ta, musamman mai ɗaukar ɗiyan makaranta. Na san ribar da ke ciki, na san halin da ake ciki a gida. Amma mota ɗaya ta kama wuta da fasinja, shi ke nan an samu abin da za a rufe bakinku da shi shekara da shekaru, ga kuma alhakin rai da ba wanda zai iya ɗauka. Kuna da gaskiya, kada ku ba su hujja.

Tun da maganar motoci ake, akwai wata da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ko da gaz mota take tafiya ko da ruwan randa, hanyar Tawa zuwa Agadas za ta karya ta. Hanyar da anka shimfiɗa don ɗaukar yuraniyom na Arlit, shekaru arba'in da ɗori ana jigilar arziki a kanta, amma akwai wuraren da direba gara ya sauka ya bi rairayi da ya bi abin da ya rage na kwalta. Taya na fashewa, sifirin na karyewa, kuɗin gyara na komawa kan buhun gero da fasinja. An sha cewa an fara aiki a wani sashe. Wanda ya bi ta cikin satin nan ya gaya mini yadda take bayan Abalak, domin akwai dattijuwar da za mu kai Agadas ganin jika kuma bayanta ba ya son girgiza.