Fasfon Dominica ba ya ɗauke wa mazaunin Najeriya haraji

Tallan nan da ke yawo tun makon jiya a zaurukan masu hada-hadar kirifto da kuɗaɗen waje, wanda wani dillalin fasfo yake cewa duk wanda ya sayi zama ɗan ƙasar Dominica, wani ƙaramin tsibiri a yankin Karibiyan, ya yi sallama da haraji har abada, ya ɓata mini rai matuƙa. Abin da ya fi damuna shi ne yadda matasa masu ilimi suke tura wa junansu shi suna sa wa mutumin albarka, alhali kuwa maganarsa ba gaskiya ba ce, kuma wanda ya bi ta zai zubar da dala 200,000 na kuɗin fasfon ya dawo ya tarar da harajinsa yana nan yana jiransa.

A kusan duk duniya, haraji yana bin inda mutum yake zaune ne, ba launin fasfon da ke aljihunsa ba. Amurka ce ta shahara da bin 'yan ƙasarta da haraji duk inda suka shiga, sai Eritiriya da ke karɓar kashi 2 cikin ɗari daga 'yan ƙasarta mazauna waje. Najeriya ba ta cikin wannan sahu. Dokar haraji da aka sanya wa hannu a watan Yunin 2025, wadda ta fara aiki a Janairun 2026, tana ɗora wa mazaunin ƙasar haraji a kan abin da ya samu daga ko'ina, kuma wajen tantance mazauni ba ta tsaya ga ƙirga ko mutum ya yi kwana 183 a ƙasar cikin wata 12 kaɗai ba, tana duba ko mutum yana da gidan zama na dindindin, da kuma inda iyalinsa da harkokinsa suke. Saboda haka wanda matarsa da 'ya'yansa suke Kano, yana danna wayarsa yana saye da sayarwa daga falonsa, mazaunin Najeriya ne ko da yana riƙe da fasfo biyar, kuma hukumar harajin jiharsa tana da haƙƙi a ribarsa.

Ba na ƙin mutum ya rage harajinsa ta hanyar da doka ta yarda, domin haƙƙinsa ne. Sai dai hanyar ita ce ƙaura ta gaskiya. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ba ta karɓar harajin kuɗin shiga daga ɗaiɗaikun mutane, kuma wanda ya samu iƙama ya kwashe iyalinsa ya tare a Dubai yana iya cin moriyar haka ba tare da ya sayi fasfon kowa ba. Ko a can ma, tun watan Yunin 2023 akwai harajin kashi 9 cikin ɗari a kan ribar kamfani da ta haura dirhami 375,000, don haka dole mutum ya san ko hada-hadarsa ta ƙashin kansa ce ko ta kamfani ce.

Masu cewa ai hukuma ba za ta gani ba, ba su gane cewa sun bar maganar rage haraji sun koma maganar ɓoye shi ba, wanda laifi ne. Ƙasashe fiye da 100, har da Najeriya, suna cikin tsarin musayar bayanan asusun banki, kuma tun 2018 ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashe masu ci gaba, wato OECD, ta fitar da jerin tsare-tsaren sayar da fasfo da iƙama waɗanda ta ce bankuna su ƙara yi wa masu su tambayoyi. Masu cewa wane ya yi kuma ba abin da ya same shi, ba su kawo hujja ba, rashin kamu ba ya halatta abu.

Amfanin wannan fasfo shi ne sauƙin tafiya, kuma shi ma ba shi da tabbas. Birtaniya ta soke shiga ba biza ga 'yan Dominica da Vanuatu, wadda ita ma take sayar da fasfo, a watan Yulin 2023, sannan a Afrilun 2025 kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci cewa tsarin Malta na ba da zama ɗan ƙasa a kan kuɗi ya saɓa wa dokar Tarayyar.

Ina roƙon 'yan'uwa su zauna su yi lissafi kafin su tura wa dillali ko sisi. Mafi girman harajin ɗaiɗaiku a sabuwar dokar kashi 25 ne cikin ɗari, kuma sai kuɗin shiga sun haura naira miliyan 50 a shekara yake farawa. Ko da a ce duk ribar mutum a kan wannan mataki aka yi mata lissafi, sai ya ci ribar dala 800,000 kafin harajinsa ya kai kuɗin fasfon kaɗai, ban da ladan dillali da kuɗin tantancewa. Wanda kuma ya zaɓi ƙaura zuwa Dubai, sai ya haɗa da kuɗin haya da na makarantar yara da inshorar lafiya, waɗanda ban ji mai tallan ya ambaci ko ɗaya daga cikinsu ba.