Masu farautar "saɓani" a labarin tashin Yesu sun makara da shekara 1,800

Ista ta zo ta wuce, kuma kamar kowace shekara ta bar mana tarkacen bidiyoyi a TikTok da Facebook da zaurukan WhatsApp. Salon duk iri ɗaya ne. Matashi ya maƙala makirufo a wuyan riga, ya riƙe Littafi Mai Tsarki na Turanci da aka ja wa layuka da jan biro, ya ɗaga murya yana shelar ya gano saɓani goma a labarin tashin Yesu daga matattu, waɗanda fastoci ba sa so jama'a su sani. Bana an turo mini irin wannan bidiyo fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Har wani tsohon abokin karatuna ya haɗa da saƙo mai kalma uku: "Malam, ina amsa?"

Cewa Musulmi bai yarda Yesu ya mutu ya tashi ba, wannan aƙida ce sananniya, na tashi a cikinta ina jin ta daga maƙwabta da dangi, kuma ba ta taɓa hana mu cin tuwon sallah da shinkafar Kirsimeti tare ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kalmar "ɓoyewa". Wa ya ɓoye? A ina? Littafin da aka fassara shi cikakke zuwa Hausa tun 1932, ake sayar da shi a kasuwa, ake karanta shi da babbar murya kowace Lahadi, shi ne aka ɓoye?

Bari in taya su lissafin, domin ko shi ma ba su iya shi da kyau ba. Bisharu huɗu ne suka ba da labarin: ta Markus, ta Matiyu, ta Luka da ta Yahaya. Markus ya ce mata uku ne suka je kabarin da sassafe: Maryamu Magadaliya, da Maryamu uwar Yakubu, da Salome, suka tarar da wani saurayi cikin farar riga a zaune. Matiyu ya ambaci mata biyu, Magadaliya da ɗaya Maryamun, ya kawo girgizar ƙasa, da mala'ika guda da ya mirgine dutsen ya zauna a kansa, da masu gadi da suka faɗi kamar matattu, alhali sauran ukun ko sau ɗaya ba su ambaci masu gadi ba. Luka ya ƙara Yuwana da waɗansu matan da bai faɗi sunansu ba, ya ce mutum biyu ne cikin tufafi masu walƙiya. Yahaya kuwa Magadaliya kaɗai ya ambata, ta je tun da sauran duhu, sai daga baya ta ga mala'iku biyu. Matiyu ya kai almajiran wani dutse a Galili. Luka ya bar komai a Urushalima da kewayenta, har da hanyar Imuwasu mai nisan kusan kilomita 11. Yahaya ya haɗa duka biyun, ya ƙare da kamun kifi 153 a tekun Tibariya. Ga su nan a fili, babi na ƙarshe na kowace bishara, sai Yahaya da ya ba abin babi biyu. Yaron makarantar Lahadi da ya iya karatu zai gano su cikin rabin sa'a.

An daɗe ana ruwa ƙasa na shanyewa. Wajen shekara ta 180, wani masanin falsafa Bahelene mai suna Selsus ya rubuta littafi guda yana sukar Kiristanci, kuma cikin abin da ya taɓo har da wannan batu na mala'ika ɗaya ne ko biyu. Orijin, malamin da ya tashi a Iskandariya, ya ba shi amsa wajen shekara ta 248. Yusibiyus, bishop na Kaisariya a ƙarni na 4, ya rubuta amsoshin tambayoyi kan lokacin da matan suka je kabari. Agustin, bishop na Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya yanzu, ya yi littafi sukutum wajen shekara ta 400 kan yadda bisharun huɗu suka dace da inda suka bambanta. Shi kansa adadin "goma" da ake ta yayatawa ba sabo ba ne: wani farfesa Bajamushe, Raimarus, wanda ya rasu a 1768, shi ya jera saɓani goma a labarin tashin, aka buga rubutun bayan mutuwarsa. Wato abin da matashinmu yake kira bincike, sauran abincin wasu ne da ya kwana ƙarni da ƙarni, aka ɗumama, aka zuba a sabon kwano.

Akwai wani abu a tarihin nan da ya isa ya kashe zancen ɓoyewa gaba ɗaya. Wajen shekara ta 170, wani malami mai suna Tatiyan ya ɗauki bisharun huɗu ya saƙa su suka zama labari guda mai santsi, babu karo babu tuntuɓe. Littafin ya karɓu sosai a majami'un ƙasar Sham, aka yi ƙarni biyu da ɗoriya ana karanta shi. Da ikilisiya mai son rufa-rufa ce, ai ta samu abin da take nema. Sai ga shi a ƙarni na 5, bishop Tiyodoret da kansa ya ba da labarin cewa ya tattara kwafi sama da 200 na wannan haɗaɗɗen littafi daga majami'un yankinsa, ya maye gurbinsu da bisharun huɗu daban-daban. An ba su damar goge bambancin, suka ƙi. Suka zaɓi su riƙe shaidu huɗu da muryoyi huɗu. Wane irin mai ɓoye laifi ne yake ƙwace littafin da ya rufa masa asiri, ya raba wanda ke tona shi?

Duk wanda ya taɓa zama a zauren alƙali ko gaban mai unguwa ana sauraron shaidu ya san yadda abin yake. Mutum huɗu suka ga haɗarin mota a kan hanya, ɗaya ya ce fasinja uku ya gani, ɗaya ya ce biyu, ɗaya ya tuna launin motar ya manta sa'ar. Babu alƙalin da zai ce saboda haka haɗarin bai faru ba. Waɗanda ake zargi su ne shaidun da suka zo da magana ɗaya kalma bi kalma, domin wannan alamar haɗin baki ce. Kuma mu a ƙasar Hausa ba baƙin wannan ilimi ba ne. Malaman hadisi sun shafe ƙarnoni suna aiki a kan ruwayoyin da lafazinsu ya bambanta, suna da ƙa'idojin haɗa su da na rinjayar da wata a kan wata, kuma babu ɗalibin kirki da zai jefar da hadisi don wani mai ruwaya ya ambaci mutum biyu wani ya ambaci ɗaya. Ma'aunin da ka ƙi a auna maka da shi, me ya sa kake auna wa maƙwabcinka? Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Kuma da sun natsu sun karanta, da sun ga cewa ruwayoyin suna leƙa juna. Yahaya da ya ambaci Magadaliya ita kaɗai, a aya ta 2 ta babi na 20 ya sa a bakinta cewa "ba mu san" inda aka sa shi ba. Mu su wa? Ashe ba ita kaɗai ba ce, marubucin ne ya zaɓi ya bi sawun mutum guda.

Batun matan nan ma ya fi ƙarfin a wuce shi da gudu. A duniyar da aka rubuta waɗannan littattafai, shaidar mace ba ta da nauyi. Yusifus, masanin tarihin Yahudawa na ƙarni na farko, ya rubuta ƙarara cewa kada a karɓi shaidar mata. Selsus ɗin da na ambata ya yi wa Kiristoci dariya cewa tushen labarinsu mace ce mai taɓin hankali. Luka da kansa ya yarda cewa manzannin sun ɗauki maganar matan a matsayin zancen banza. To mai ƙirƙirar labari don ya ruɗi mutanen zamanin, me zai kai shi sa mata a sahun gaba? Me zai sa ya rubuta cewa jagororin addinin sun ɓuya a ɗaki sun kulle ƙofa don tsoro, cewa Toma ya ce sai ya sa yatsa a gurbin ƙusa, cewa a kan dutsen Galili ma, in ji Matiyu, waɗansu sun yi shakka? Na san masu cewa wannan duk dabarar marubuta ce don labarin ya yi kama da gaskiya. Hujjar da ke mai da kowace alamar gaskiya ta zama alamar ƙarya ba ta cancanci a ɓata mata tawada ba.

Wani abin da ba na ji a bidiyoyin shi ne cewa ruwaya mafi tsufa ba a bishara take ba. Tana cikin wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Korantiyawa, babi na 15, wadda aka rubuta a tsakiyar shekarun 50, kusan shekara 25 bayan gicciyewar, tun kafin Markus da masana ke sa wa wajen shekara ta 70. Bulus ya ce abin da ya karɓa ne yake miƙawa: ya mutu, an binne shi, ya tashi a rana ta uku, ya bayyana ga Kefas, wato Bitrus, sannan ga sha biyun, sannan ga mutum sama da 500 a lokaci guda waɗanda yawancinsu suna raye a lokacin rubutun, sannan ga Yakubu. Wanda yake son ya yi gardama ta ilimi, daga nan ake farawa. Amma wannan yana bukatar karatu, karatu kuwa ba ya kawo masu danna "like".

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, don haka bari in juyo gida. Fastocinmu suna da nasu kason laifin. Ayoyi 12 na ƙarshen Markus, daga 16:9 zuwa 20, babu su a kwafi biyu mafiya daraja na ƙarni na 4, na Sina'i da na Batikan. A cikinsu littafin ya tsaya ne a aya ta 8, matan sun gudu suna rawar jiki ba su faɗa wa kowa komai ba. Yusibiyus ya san da haka, ya rubuta. A ɗaya gefen kuma bishop Ireniyus ya kawo aya ta 19 tun wajen shekara ta 180, wato ƙarin tsoho ne ƙwarai. Fassarori da yawa na zamani suna da ɗan bayani a ƙasan shafi kan wannan. Amma sau nawa aka taɓa bayyana shi daga kan bagade? Sai yaro ya girma a majami'a, ya fara jin labarin daga bakin mai yi masa ba'a a intanet, ya ɗauka an yaudare shi. Su kuma matasan masu bishara da ke mayar da martani da cewa ko wasali ɗaya bai bambanta ba, su ne ɗan kuka mai jawo wa uwarsa jifa.

Akwai tambaya ɗaya da nake ganin tana da nauyi a kunnen Bahaushe musamman, ita ce ta kwana ukun da aka ce Yesu ya yi a kabari. Mu da kwana muke lissafi, daga yammacin Jumma'a zuwa asubahin Lahadi kuwa kwana biyu ne, Matiyu 12:40 kuma ya ce yini uku da dare uku. Amsar tana cikin yadda Yahudawa ke ƙirga rana: tana farawa da faɗuwar rana, kamar yadda mu ma daren Jumma'a a wurinmu yake zuwa kafin yininta, kuma ɓangaren rana ana lissafa shi rana. A littafin Esta, sarauniyar ta sa a yi azumin kwana uku dare da rana, sai ga ta a gaban sarki a rana ta uku. Mai tambayar nan da zuciya ɗaya ya cancanci a zauna da shi a buɗe littafi.

Wanda bai cancanta ba shi ne mai haddar kasetin Ahmed Deedat bai san abin da ya haddace ba. Marigayin, mai wa'azin Musulunci na Afirka ta Kudu wanda ya rasu a 2005, ya kafa hujjarsa a muhawararsa da mai wa'azin Kirista Josh McDowell a Durban a 1981 da kuma a ɗan littafinsa na 1984 kan cewa an ɗora Yesu a kan gicciye amma bai mutu ba, an sauke shi da ransa. Wannan ra'ayi na suma Turawan ƙarni na 19 irin su Hainrik Paulus ne suka yayata shi, kuma shi ne Mirza Ghulam Ahmad, wanda ya kafa Ƙadiyaniyya, ya ɗauka har ya kai kabarin Annabi Isa garin Srinagar a Kashmir. Aya ta 157 ta Suratun Nisa'i kuwa cewa ta yi ba su kashe shi ba, ba su gicciye shi ba, an dai kamanta musu, kuma manyan tafsirai irin na Ɗabari da Ibn Kasir sun tafi a kan cewa wani aka sa wa kamanninsa. Sai ka ga yaron da zai yi faɗa in an kira shi Baƙadiyane yana tsaye a gaban kyamara yana kare matsayin Ƙadiyaniyya da iya ƙarfinsa, don kawai ya ji daɗin cewa ya kayar da Kirista. Bai san littafin da yake suka ba, bai san tafsirin gidansu ba.

Majami'u su riƙa koyar da tarihin nassin a ajin nazari, su daina tsoron bayanin ƙasan shafi. Malaman da yaran nan ke fakewa da sunansu su ja musu kunne. Abokina kuwa na tura masa babi biyar ɗin nan na ƙarshen bisharun da wasiƙar Bulus, na ce ya karanta mu haɗu. Har yanzu alamar saƙon ba ta koma shuɗiya ba.