Allo na biyu a jikin manet: ido wuri ɗaya yake kallo

A wani shagon gem da ke unguwar Yelwa a Garwa, arewacin Kamaru, na tsaya kallon yara biyu suna buga ƙwallo a talabijin. Aka zo bugun fenariti, sai mai bugun ya cusa abin riƙewarsa, wato manet, ƙarƙashin riga, don kada abokinsa ya ga inda babban yatsansa ya karkata. Mai shagon ya dube ni ya ce, “Malam, da kowane manet yana da ɗan allonsa, ai da kowa ya shirya dabararsa a ɓoye.”

Gaskiyarsa a nan. Amfanin allo na biyu na haƙiƙa shi ne sirri. Tun a 1998 kamfanin Sega ya sa ɗan ƙaramin allo a katin ajiya da ake zurawa cikin manet ɗin na'urar gem ɗinsa mai suna Dreamcast, mutum ya ga abin da abokin karawarsa bai gani ba. Amma wasanni nawa ne ke buƙatar sirri? Kaɗan ne. Sauran duk sauri ne da natsuwa, kuma a nan ne nake ganin allon yana ɓata wasa maimakon ya gyara shi.

Wanda ya ƙware ba ya duban hannunsa. Yatsunsa sun haddace maɓallai kamar yadda ɗan acaba ya san giya ba tare da ya sunkuya ba. Da zarar ka sa masa taswira ko jerin 'yan wasa a tafin hannu, ka tilasta masa sauke kai, kafin ya ɗago an zura masa ƙwallo. Gilashi kuma sumul yake, yatsa ba ya gane inda yake sai ido ya taya shi.

An riga an gwada abin. A 2012 kamfanin Nintendo ya fito da na'urar gem mai suna Wii U, da manet mai allon taɓawa na inci 6.2. Abin da aka sayar bai kai miliyan 14 ba, aka daina ƙera shi a 2017. Wani zai ce ai Nintendo DS na 2004, gem ɗin riƙewa a hannu, ma allo biyu ne, kuma ya haura miliyan 150. Haka ne, sai dai allunan DS manne suke, ɗaya bisa ɗaya, kallo guda ya ɗauke su. Na Wii U kuwa ɗaya na cinyarka, ɗaya na jikin bango. Wani abin da mutane suka so a Wii U shi ne ci gaba da wasa a hannu idan maigida ya karɓe talabijin zai ji labarai, kuma shi Nintendo ya ɗauka ya gina na'urarsa ta gaba, Switch, a kai, da allo ɗaya tak a lokacin wasa.

Sai kuma halin da muke ciki. A Garwa da Marwa, zafin watan Afrilu yana haura digiri 40, ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, wuta tana zuwa tana tafiya. Batirin manet ɗin Wii U awa uku zuwa biyar yake yi. A shago kuwa manet ɗaya yana bi ta hannu da yawa a yini, ya sha gumi, ya sha faɗuwa a siminti idan an ci mutum ya fusata. Wanda maɓallinsa ya maƙale, mai gyara a kasuwa zai buɗe ya goge. Wanda allonsa ya tsage, dala ashirin-ashirin ɗin, wato sefa ɗari-ɗari, da yara ke biya ba za su maido da shi da wuri ba.

Na tambayi yaron nan mai ɓoye hannu me yake so a ƙara wa manet. Ya ce a gyara sandar hagu, tana jan ɗan wasansa gefe ko bai taɓa ta ba.